Yadda Ake Haɗa Gawayin Gona a Sa Shi a Ƙasa Ba Tare da An Tafka Asara Ba

Duk wanda ya taɓa noma kufai ya san hatsin wurin daban yake. Inda aka taɓa yin gida, ko inda tsohon juji ya kwanta, gero yakan fi na sauran gona duhun ganye da kaurin kara, kuma ya yi shekaru a haka ko ba a ƙara masa komai ba. Ka sa fartanya ka tona, za ka tarar da baƙar ƙasa cakuɗe da tsingaro da ƙashi da gutsattsarin gawayin murhun mutanen da suka tashi tun tuni. Shara ta ruɓe ta ƙare, ruwa ya wanke toka, gawayin kuwa yana nan.

A dajin Amazon na ƙasar Brazil akwai irin wannan baƙar ƙasa da mutanen asalin yankin suka bari. Wasu wurarenta sun haura shekara 2,000, zurfinta a wani wajen ya kai mita 2, kuma har yau tana ba da amfani a tsakiyar ƙasar da yawan ruwan sama ya tsotse. Wani masanin ƙasa ɗan Holan, Wim Sombroek, shi ya ja hankalin masana kanta tun shekarun 1960, kuma ita ce tushen abin da malaman gona ke kira bayoca a yau, wato gawayin da aka haɗa takanas don a binne a gona. A 2016 masu bincike sun bayyana irin wannan ƙasa a ƙauyukan Laberiya da Ghana, inda ake zuba toka da gawayi da ƙashi da sharar girki a gefen gari shekara da shekaru. Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Gonakin da ke kewaye da birnin Kano sun daɗe suna shan sharar birni da tokarta, wadda jakuna ke kaiwa a mangala.

Sai dai a lura da abu guda: a duk waɗannan wurare babu inda gawayi ya zauna shi kaɗai. Kullum tare yake da kashin dabbobi da sauran abinci da ƙashi. Wanda ya manta da wannan ya je ya watsa buhunan gawayi tsura a gonarsa, shi ne yakan dawo yana cewa an yaudare shi.

Abin da yake yi da abin da ba ya yi

Gawayi ba taki ba ne. Naitirojin ɗin da ke cikin kara, wato sinadarin da takin yuriya ke ba shuka, yawancinsa yana tafiya da wuta, abin da ya rage kuma tsiro ba ya iya ɗauka. Ɗan fotashiyam da kalsiyam da ke cikin tokar da ta manne masa, wannan damina ɗaya ko biyu ya ƙare. Amfaninsa na dindindin yana cikin ƙirarsa: cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda ke riƙe ruwa da sinadaran taki, su kuma zama mazaunin ƙwayoyin halittar da ke raya ƙasa. Rumbu ne. In ka zuba masa ya ajiye maka, in kuma ka kai shi gona wayam, daga abincin shukarka zai fara cika cikinsa.

Abu na biyu, yana rage tsamin ƙasa, domin yawancin gawayi yana tsakanin 8 da 10 a ma'aunin pH, wato ma'aunin da ƙasa da 7 ke nufin tsami, sama da 7 kuma kanwa. Ƙasar da ta yi shekaru tana shan yuriya ba tare da takin gargajiya ba takan yi tsami, tsamin nan kuma yana ɗaure fosfaras ya hana saiwa bazuwa. Na uku, ba ya ruɓewa da wuri. Takin shanu a zafin ƙasarmu, ga gara ga rana, shekara biyu ko uku babu labarinsa. Gawayi kuwa ana lissafin zamansa da ɗaruruwan shekaru.

Nawa yake ƙara amfanin gona? Wani nazari da Simon Jeffery da abokan aikinsa suka fitar a 2017, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, ya nuna matsakaicin ƙari na kusan kashi 25 cikin 100 a ƙasashe masu zafi, a ƙasashe masu sanyi kuwa kusan babu wani ƙari. A Zambiya, gwajin da aka wallafa a 2013 ya nuna masara ta ninka fiye da sau uku a rairayin Kaoma mai tsami, amma a wasu gonakin masu kyakkyawar ƙasa ba a ga bambancin a zo a gani ba. Ma'ana, gwargwadon lalacewar ƙasa gwargwadon amfaninsa. Shi ya sa aikin ke farawa daga duba gonar, kafin a tona ramin wuta.

Mataki na 1: Duba ƙasarka

Jigawa mai rairayi, wadda ruwa ke wucewa da zarar an ɗauke, wadda kake sa mata takin zamani ruwa biyu ya wanke shi, ita ce ta fi kowa buƙatarsa. Irinta ce ta mamaye arewacin Katsina da Kano da Jigawa da Yobe, har Maraɗi da Damagaram. Jar ƙasa mai tsami da ta gaji da noman masara ita ma takan amsa.

Baƙar laka ta fadama mai ƙarfi ba ta cika buƙatarsa ba. Ƙasar da za ka nisanta shi da ita kuwa ita ce mai kanwa ko gishiri. In a lokacin rani kana ganin fari-fari ya taso saman ƙasa bayan ban ruwa, kamar yadda ke faruwa a wasu filayen noman rani da magudanansu suka toshe, kada ka sa. Zai ƙara mata kanwa, shuka ta kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe da zinki, ganye ya yi rawaya. In kana iya samun takardar gwajin pH ko ka kai ƙasa wa malamin gona, duk abin da ya haura 7.5 ka haƙura. In babu hali, ɗebi busasshiyar ƙasa ka matsa mata lemon tsami. Ta yi kumfa tana tsuwa, to akwai farar ƙasa a cikinta, ba ta buƙatar abin rage tsami.

Akwai kuma shukokin da tsamin suke so. Dankalin Turawa na Filato, ƙasa in ta rasa tsami ƙazuwar fatarsa ke ƙaruwa. Ganyen shayi na Mambila da abarba su ma haka. Wake da gyaɗa da waken soya kuwa sukan ji daɗinsa.

Mataki na 2: Zaɓi abin da za ka gasa

Nan ne ya kamata mutum ya zauna ya yi lissafi na gaskiya, domin nan ne babbar illar take. Kilo 100 na busasshen kara yana ba da gawayi kilo 15 zuwa 25. Kenan tan ɗaya na gawayi yana cin kusan tan 5 na kaya. Gwaje-gwajen masana da yawa sun yi amfani da tan 10 ko fiye a kowace hekta, wato sai ka tara tan 50 na kara, alhali gonar gero a jigawa 'yan tan kaɗan take bayarwa a hekta. Kuma karan nan yana da masu shi: shanu za su ci, za a yi danga da rufin ɗaki, uwargida za ta hura wuta, wanda aka bari a gona kuma shi ke tare ƙasa kada iskar bazara ta kwashe ta. Wanda ya share gonarsa tas don ya yi gawayi, ya gyara wuri ɗaya ya ɓata wani.

Don haka nemi abin da dama ƙonawa ake yi ko zubarwa. Totuwar masara ita ce gaba, tana ba da gawayi mai kyau mai saurin dakuwa. Sai itacen auduga, karan riɗi, tushiyar dawa da ake tarawa a cinna wa wuta lokacin sharar gona, rassan sabara da kalgo da aka sassabe, da rassan darbejiya da mangwaro da aka rage. Ɓuntun shinkafa yana nan tsibi-tsibi a bakin injinan casa na Kura da Haɗeja da Argungu, a wurare da yawa wuta kawai ake sa masa. Masu zama kusa da dausayin Haɗeja da Nguru suna da kacala, wadda ta toshe musu hanyoyin ruwa. In an yanke ta ta bushe sosai, ita ma tana gasuwa.

Kada ka gasa harawa ko kashin dabbobi. Darajarsu a matsayin abinci da taki ta fi ta gawayinsu nesa ba kusa ba. Kada ka gasa sharar bola mai leda da roba da tsofaffin batura, ko katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara, domin dalma da sauran guba ba sa ƙonewa, taruwa suke yi a cikin gawayin, daga nan su shiga tumatir da alayyafo. Kuma don Allah kada a sare itace mai rai saboda wannan. Ƙirya da marke sun riga sun sha wuya a hannun masu gawayin girki. Sayen gawayin kasuwa a daka ma ba dabara ba ce, ga tsada ga ƙara wa masu saran daji ciniki. Abin da za ka iya saya da arha shi ne garin da ke taruwa a ƙasan rumfar masu sayar da gawayi.

Komai ka zaɓa, ya bushe ƙarau. Ɗanyen kaya hayaƙi kawai zai ba ka. Sassara shi kada ya wuce tsawon kamu ɗaya, kuma ka ware masu kauri daban da sirara.

Mataki na 3: Tona rami, hura wuta

Hanya mafi sauƙi ita ce ta buɗaɗɗen rami mai faɗin baki da tsukakken gindi. Cibiyar Ithaka ta ƙasar Suwizalan ce ta yayata ta daga 2014 da sunan Kon-Tiki, ana yinta da ƙarfe, ana kuma yinta a ƙasa ba tare da an kashe ko kwabo ba. Faɗin baki mita ɗaya da rabi, zurfi santimita 75, gindi kamar rabin mita. Tona a ƙasa mai tauri, domin a rairayi bango zai rufta. Wurin ya yi nisa da rumbu da danga da tarin harawa, ka share ciyawa kewaye da shi taku biyar ko fiye. Ka tanadi ruwa duro ɗaya ko biyu tun kafin ka ƙyasta ashana, da shebur da manjagara mai dogon ƙota.

Lokacin aikin shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, amma ka san lokacin hunturu ne. Ranar da iska ke kaɗawa ka fasa. Sassafe ko da yamma in ta lafa ya fi.

Jera siraran kara a gindin rami ka cinna wuta daga sama. Bar ta ta kama sosai har garwashi ya rufe gindin. Sai ka shimfiɗa kaya sabo a kai, shimfiɗa ɗaya marar kauri, ya rufe garwashin ko'ina. Zafi zai fitar da iskar da ke cikin karan, ita ce ke ci da harshen wuta a sama, wannan harshen kuma shi ke cinye iskar waje ya hana ta isa ga gawayin da ke ƙasa. Sirrin aikin kenan gaba ɗaya. Ka zuba ido: da zarar ka ga farar toka ta fara bayyana a kan baƙin da ke sama, lokacin ƙara wata shimfiɗa ya yi. Da siraran kara mintoci kaɗan ne tsakani, da itace ya fi jimawa.

Wutar da kanta za ta gaya maka in ka kuskure. Farin hayaƙi mai kauri ya turnuƙe, to ka zuba da yawa ko kayan da danshi, dakata har harshe ya dawo. Toka ta yi yawa, ka yi jinkiri, gawayinka ke ƙonewa. Wuta mai kyau harshenta ja ne mai ruwan lemo, hayaƙinta kaɗan. Masu kauri ka sa su a tsakiyar aiki inda zafi ya fi, domin yana kaiwa digiri 600 zuwa 700, ka rufe da sirara a ƙarshe. Cikin awa biyu zuwa huɗu rami zai cika. In saura kamar tafin hannu ya kai baki, daina zubawa, bar harshen ya kwanta.

Sa takalmi rufaffe da riga mai dogon hannu ta auduga, ba ta leda ba. Yara su tsaya nesa. Kuma kada a taɓa yin wannan a cikin ɗaki ko zaure, ko a shigar da garwashin ciki don jin ɗumi. Iskar kabon monoksaid da garwashi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci.

Ɓuntun shinkafa da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa ba sa yiwuwa a rami, kashe wutar suke yi. Nasu salon daban ne, wanda manoman Japan da Filifin suka daɗe suna yi. Nemi babban gwangwani ko rabin duro ka huhhuda shi, ka kafa masa bututun ƙarfe mai tsawon mita ɗaya ko fiye a sama. Hura wuta a ƙasa, kifa gwangwanin a kanta, sannan ka tara ɓuntu kewaye da shi har ya rufe, bututun kawai ke leƙowa. Zafi zai riƙa cin tarin daga ciki zuwa waje. Duk inda baƙi ya ɓullo, ja ɓuntu daga gindi ka rufe shi. In kusan duka ya yi baƙi, cire bututun da tsumma mai kauri, baza tarin, ka kashe da ruwa nan take, in ba haka ba ka dawo ka tarar da farar toka. Wannan hanya tana da hayaƙi fiye da ta rami, don haka a yi ta bayan gari.

Mataki na 4: Kashe wutar, duba abin da ka samu

Zuba ruwa ta gefen rami ya gangara gindi, sannan ka bi sama. Ka ja baya, tururin yana ƙona fuska. Juya da shebur ka ƙara ruwa har ka iya sa hannu a tsakiya ba ka ji ɗumi ba. Inda ruwa ke wuya, rufe bakin da tsohon kwanon rufi, ka bi gefe da jiƙaƙƙiyar ƙasa kada iska ta shiga, ka bar shi kwana biyu. Gawayi makiri ne, yakan yi kamar ya mutu ya sake kamawa cikin dare, saboda haka kada ka ɗura shi a buhu ko ka kai shi kusa da gida a ranar.

Mai kyau ba shi da nauyi, yana karyewa ƙas, cikinsa baƙi ne har tsakiya, ba ya warin hayaƙi ko kwalta. Murza shi a tafin hannu ka wanke da ruwa zalla. In baƙin ya fita, ya gasu. In ya bar maiƙo sai da sabulu, bai gasu ba, kuma wannan maiƙon yana hana iri tsirowa. Waɗanda cikinsu ke da ja-ja ka ware su, su zama makamashin wuta ta gaba.

Mataki na 5: Daka

Tun yana da danshi za ka daka shi. Zuba a buhu ka tattaka, ko ka buga da kulki, har ya koma kamar ƙwayar wake zuwa ƙasa. Ba a son ya zama gari lilis, iska za ta kwashe shi. Ƙurar busasshen gawayi tana cutar da huhu, ta ɓuntu ma ta fi saboda yawan sinadarin yashi da ke cikinta, don haka ka yayyafa ruwa ka ɗaura ƙyalle a hanci. Gawayin ɓuntu ba ya buƙatar daka.

Mataki na 6: Ƙosar da shi kafin ya je gona

Wannan matakin shi ne ake tsallakewa, kuma shi ne ke raba riba da asara. Sabon gawayi in ya shiga ƙasa yana tsotse naitirojin ɗin da ke kusa da shi, ƙwayoyin halittar da ke cin ɗan abin da bai gama gasuwa ba su ma su ja nasu. Sai ka ga masara ta yi rawaya ta tsumbure a daminar farko. Ga shi kuma sabo bai cika shan ruwa ba, sai ya jima a jiƙe.

A ganina babu hanyar da ta kai turke. Shimfiɗa dakakken gawayi kaurin yatsu biyu ko uku a inda awaki ko tumaki ko shanu ke kwana, ko a ƙasan akurkin kaji. Su za su tattake shi, ya sha fitsari ya cakuɗe da kashi. Duk mako ka ƙara wata shimfiɗa. Ribar biyu ce: wari da danshin turke za su ragu, sannan fitsarin da a da yake nutsewa ƙasa ko ya bi iska, wanda kaso mai yawa na naitirojin da fotashiyam ɗin dabba ke fita ta cikinsa, yanzu ya samu mai riƙe shi. A Nepal, wani gwaji da aka wallafa a 2015 ya nuna kabewar da aka sa wa gawayi mai fitsarin shanu a gindi ta ninka wadda aka sa wa fitsarin kaɗai kusan sau huɗu, da gawayin da bai kai tan ɗaya a hekta ba. Mai ƙyanƙyami ya tuna cewa a mazhabar Malikiyya fitsarin dabbar da ake cin namanta, in ba ƙazanta take ci ba, mai tsarki ne.

Hanya ta biyu ita ce juji. In kana tara takin gargajiya, sa kwando ɗaya na gawayi a kan kowane kwando tara na shara da kashi tun daga farko, ka riƙa jiƙawa kana juyawa har ya nuna. Ta uku, ga mai gaggawa: gawayi kwando ɗaya, ruɓaɓɓen kashin dabbobi kwando ɗaya, cakuɗa a inuwa, jiƙa har in ka matsa a hannu ya dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba, rufe da tsofaffin buhuna ko ciyawa, ka bar shi mako uku zuwa huɗu kana juyawa duk mako.

Kada ka gauraya busasshiyar yuriya da sabon gawayi ka bar su a sarari. Kanwar gawayin tana saurin mai da yuriya iska mai yaji, kuɗinka ya tashi sama kana kallo. Takin zamani a sa shi a lokacinsa yadda aka saba, a binne.

Mataki na 7: Kai shi gindin shuka

Tunda ba ka da tan goma, kada ka watsa. Sa shi inda saiwa za ta same shi. Gero in an shuka shi mita ɗaya tsakani, rami 10,000 ke cikin hekta. Giram 100 na gawayi a kowane rami ya zama tan ɗaya kenan. Ko da rabin haka ka samu, a gindin shuka yake, ya fi tan biyar da aka watsa ko'ina amfani ga saiwar bana. Dabarar ɗaya ce da ta sa takin zamani da murfin kwalba a kowane rami, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore a Nijar ta yaɗa, kuma su biyun suna tafiya tare.

Sara rami ya ɗan fi na shuka zurfi, zuba cike da hannu ɗaya ko biyu na haɗin, cakuɗa da ƙasa, ƙara ƙasa yatsa biyu a kai, sannan iri. Kada iri ya kwanta kai tsaye a kan haɗin. Manoman yankin Tawa da Illela na Nijar masu tona tassa a fako, wato ramukan shuka masu tara ruwan sama, sun riga sun samu wurin sa shi: ramin tassa dama taki ake zubawa a ciki, sai a mai da shi takin da ya kwana da gawayi. Mai huɗa da garma ya zuba shi layi-layi a cikin kwari, huɗa ta rufe shi a ƙarƙashin sabuwar kunya. Mai lambu ya sa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a kowace murabba'in mita, ya kafce shi cikin ƙasa zurfin santimita 10 zuwa 15. A ledar renon dashe, kashi ɗaya cikin goma na ƙasar ya isa. A ramin dashen mangwaro ko gwaiba ko zogale, shebur biyu a cakuɗa da ƙasar da za a mayar.

Ko ta yaya, a rufe shi da ƙasa. Wanda aka bari a sama iska ta ɗauka, ruwan farko ya tafi da sauran, kuma baƙinsa yana ƙara wa ƙasa zafin rana.

Mai fesa maganin ciyawa na kafin tsiro, irin su atarazin, ya sani cewa gawayi yana tsotse maganin kamar yadda yake tsotse taki. In ya yi yawa a saman ƙasa, ka fesa ciyawa ta fito abinta, maganin kuma ya daɗe a ƙasa bai lalace ba. Wannan ma dalili ne na binne shi a rami maimakon bazawa.

Mataki na 8: Gwada kafin ka yawaita

Takin da bai karɓi gona ba, shekara mai zuwa ya wuce. Gawayi in ya shiga ba mai tsince shi. Saboda haka shekarar farko ta gwaji ce. Ware layuka huɗu masu tsawo ɗaya: na farko ba komai, na biyu taki kaɗai, na uku gawayi kaɗai, na huɗu haɗin gawayi da taki. Takin da ke layi na biyu da na huɗu ya zama daidai wa daida. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Maimaita jerin a wuri biyu ko uku a gonar, ka kauce wa gindin gawo da tsohon suri da inda shanu suka yi zama, don nan ko ba ka sa komai ba hatsi zai yi kyau ya ruɗe ka.

Kafa turaku don kada layukan su ɓace. Ka lura da wanda ya fara yaushi in ruwa ya yi fashin kwana goma, domin sau da yawa a nan ake fara ganin bambanci. Da kaka a girbe kowane layi daban, a sussuke, a auna da tiya, a rubuta. Kwatancin da zai gaya maka gaskiya shi ne na biyu da na huɗu. Mutane da yawa suna kwatanta haɗin da layin da ba a sa wa komai ba, su yaba wa gawayi aikin da kashin awaki ya yi. Ka sake shuka a layukan nan damina ta biyu da ta uku, don wani lokaci amfanin sai gawayin ya kwana a ƙasa yake fitowa. In bayan damina biyu na huɗu bai fi na biyu ba, ƙasarka ba ta buƙata, ka bar wa dabbobi karansu. In ya fi, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowace shekara a sababbin ramuka har gonar ta zagayu.

Watakila wata rana wasu su zo ƙauyenku da maganar kuɗin kabon. Maganar tana da tushe: tan ɗaya na gawayi mai kyau da aka binne yana daidai da tan 2 zuwa 3 na iskar kabon da aka hana komawa sama, kuma akwai kamfanonin ƙasashen waje da ke biyan kuɗi a kan haka. Amma kuɗin yana bi ta hannun dillalai da masu tantancewa kafin ya iso ga mai rami. Kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, a karanta maka takardar da Hausa, ka ji nawa ne naka a kowane buhu, yaushe za a biya, shekara nawa yarjejeniyar za ta ɗaure ka, da wanda zai ci gaba da mallakar gawayin da kuma gonar da aka sa shi.